Ranar da Za a Ɗauke Malama Wa-ya-faɗa

Sunanta na gaskiya yana nan a takardun ofis, amma in ka shiga ƙaramar sakandaren ka nemi malamar tarihi da nazarin zamantakewa da wannan sunan, sai a tsaya ana kallon-kallo. Ka ce Malama Wa-ya-faɗa kuwa, ko ɗan aji ɗayan da aka kawo jiya zai kama hannunka ya kai ka ajin ƙarshe, na kusa da famfo, mai tagar nan da ba ta rufuwa. Can za ka same ta, gajeruwar mace mai jiki, tabarau rataye a wuya da zare, bakin hannun rigarta fari fat da alli, muryarta kuma tana kaiwa har ƙofar makaranta ba tare da ta yi niyya ba.

Ba a banza sunan ya kama ta ba. Kalmomi biyu ta sa wa ƙahon zuƙa tun ranar da ta fara riƙe alli: "wai" da "an ce". Yaro ya kuskura ya buɗe baki ya ce, "Malama, an ce da can nan wurin duk daji ne," sai ta ɗora tabarau a kan hanci, ta leƙo shi ta samansu.

"Wa ya faɗa?"

In ya tsallake wannan, ta biyu na nan tana jiransa: "Shi mai faɗar yana wurin, ko shi ma ji ya yi?" In Allah ya taimake shi ya haye, sai ta uku, wadda ta fi su duka wuya: "Me zai samu in mun yarda?" Littafin da aka tsara musu tana bin sa babi-babi, ba ta tsallake ko ɗaya, amma ko darasin iyali ake yi, ko na kasuwa, ko na yadda ake zaɓen shugabanni, ko na haƙƙin maƙwabci, sai ta san yadda ta yi ta ratso da yara ta tambayoyin nan uku. Wani uba ya taɓa zuwa takanas yana dariya yana kawo ƙara. Ya ce shi dai a taimake shi, ya gaya wa 'yarsa cewa shan ruwan sanyi na kawo mura, yarinya ta gyara zama ta tambaye shi wa ya faɗa.

Wanda bai san asalin abin ba zai ɗauka a kwaleji ta koyo shi. A tsakar gidansu ta koya, tana 'yar shekara tara ko goma. Babanta direban babbar mota ne, yakan yi mako bai kwana a gida ba. Wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu, hannu a ka, ta ce wai motarsa ta faɗa ƙarƙashin gada, wai babu wanda ya fita. Kafin ka ce kwabo gida ya ruɗe. Inna ta zube a ƙofar ɗaki, gwaggo ta kama birgima, maƙwabta suka cika tsakar gida kowa da irin kukansa. Kakarsu ce kaɗai ba ta motsa daga inda take tsintar shinkafa ba.

"Ke, wa ya faɗa miki?" in ji Kaka.

"Matar mai faci."

"Ita tana kan gadar?"

"A'a, mijinta ne ya ji a tasha."

"To a kira min shi."

Aka kira mai faci. Da aka matsa masa, ashe abin da ya ji bai wuce cewa wata koriyar mota ta faɗi a wani wuri ba. Kaka ta ce ita dai ba ta san motar ɗanta kaɗai ce koriya a duniya ba, kuma ba za ta yi asarar hawayenta a kan "wai" ba, ta ci gaba da tsintarta. Da la'asar sai ga Baba ya yi sallama, ƙatuwar kankana a kafaɗa. Ya ga gida cike da mata idanu jajur, ya ajiye kankanar a hankali, ya ce, "Wa ya rasu?" Dariyar da aka yi ranar har da masu faɗuwa ƙasa. Yarinyar nan da ke maƙale a jikin ƙofa ba ta manta ba, kuma daga ranar ta ƙudurta cewa in ta girma irin Kaka za ta zama.

Darasin da aka fi saninta da shi shi ne na makon farko a aji ɗaya. Takan haɗa baki da malamin lissafi, wani dogo mai fuskar shanu da yara ke shakka. Tana tsakiyar bayani sai ya faɗo ajin, ya fisge abin goge allo daga kan tebur, ya furta wata magana, ya fice. Sai ta ce kowa ya ciro takarda ya rubuta abin da ya gani. Daga nan ne ake shan kallo. Wannan ya ce jar riga ya sa, wancan ya ce shuɗiya. Wata ta ce rula ya ɗauka. Wani ya rantse ya ji ya buga ƙofa, alhali ƙofar a tokare take da dutse. Rabin aji suka ce faɗa ya yi, mutumin da bai ce komai ba sai, "Yaya, aron wannan." Takan karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, aji na dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaga hannu a yi tsit.

"Abin da ya faru a gaban idonku yanzu-yanzu, kun kawo min shi kala arba'in. To ina ga abin da ya faru tun kafin a haifi kakan kakanku? Wannan shi ne tarihi. Ba haddar shekaru za mu yi a nan ba, bin sawu za mu yi."

A gida ma ba ta ajiye halin a bakin ƙofa. Mijinta mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago a jikin gidansu cike da matattun rediyoyin da masu su suka manta da su. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gabansa, saura su biyu da kyanwa. Shi kuwa mutum ne mai son labari, duk yamma sai ya shigo da sabo.

"Malama, kin ji wai..." Sai ya kama bakinsa. "Na janye wai ɗin. Rediyo ce ta faɗa."

"Rediyon tana wurin?"

"Ni dai gyara ta na yi, ban aike ta ba."

Haka suke, shekara da shekaru, kuma babu wanda ya gaji.

Aji ukun bana kuwa, ko da yake ba za ta taɓa yarda ta faɗa ba, su ne 'yan gaban goshinta. Tun suna aji ɗaya take tare da su. Akwai monitarsu, wata siririyar yarinya da ake kira Lauya, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Akwai wani yaro da ake ce wa Ɗan-Baya, saboda tun zuwansa bencin ƙarshe yake zama, kuma yakan yi mako bai ce uffan ba. Tare suka faro wani aiki da ya fi ƙarfin littafi: tarihin unguwar da makarantar take. Kowane yaro ya nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a layinsu ya yi masa tambayoyi, suka zana taswirar unguwar a kan kwalaye da aka haɗa da gam, ta cinye bangon baya gaba ɗaya. Suna cike ta a hankali, ina rijiya take a da, ina aka fara kafa kasuwa, wane layi ne ya fara samun wuta. Saura mata shekara biyu ta ajiye aiki, kuma babu abin da take so a duniya kamar ta ga taswirar nan ta cika, ta kuma raka yaran nan har ƙofar jarrabawarsu ta ƙarshe.

Ana cikin haka sai ga mai duba makarantu. Wata mata ce doguwa, wadda in ka ga fuskarta sai ka rantse ba a taɓa ba ta labarin dariya ba. Ta zauna a bencin ƙarshe kusa da Ɗan-Baya. Kuma ranar, don tsautsayi, aji ya kaure da gardama. Kakar Lauya ta ce gobara ce ta sa aka tashi tsohuwar kasuwa, wani tsohon tela da Ɗan-Baya ya tambaya kuma ya ce sabuwar hanya ce aka fitar ta wurin. Yara suka rabu biyu, kowa na ɗaga murya, ana tambayar shekarun kowane tsoho a lokacin, da inda gidansa yake, da abin da yake sayarwa. Matar ta yi ta rubutu ba ta ɗago ba. Ta karɓi littattafan yara biyu ta duba, ta ga abin da aka kwafa daga allo bai taka kara ya karya ba. Da aka tashi ta ce, "Na gode," ta tafi. Tun daga ranar zuciyar Malama ba ta kwanta ba.

Bayan mako biyu, ranar Litinin, malamin lissafi ya same ta a ɗakin malamai tana gyara takardu. Ya jawo kujera kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Wai za a ɗauke ki. Wai ranar Alhamis za a zo da mota, can wata makaranta a bayan gari za a kai ki. Wai rahoton matar nan ne, ta ce ba kya ba yara rubutu su kwafa."

Wai uku a numfashi ɗaya! Da ɗan aji ɗaya ne ya kawo mata wannan, da sai ya gwammace bai zo makaranta ba ranar. Amma Malama Wa-ya-faɗa, jikar Kaka, wadda ta yi shekara talatin tana farautar kalmar nan lungu-lungu, ko tabarau ba ta ɗaga ba. Sai kawai ta ce, "Dama na sani." Abin haushin ke nan. Maganar ta zo daidai da abin da ta yi mako biyu tana tsoro, shi ya sa ta shige ba tare da an tambaye ta daga ina take ba.

Ta je ofishin shugaban makaranta, ta tarar da shi a kulle. Ya tafi taro, sai Laraba zai dawo. Tana da lambarsa, amma ta ƙi kira. Ita za ta buga waya ta roƙi a bar ta a ajinta, bayan duk shekarun nan? Allah ya kiyaye. Da ta koma gida ta gaya wa mijinta, ya ajiye sukudirebansa ya dube ta.

"To Malama, wa ya..."

"Don Allah Maigida, yau ba ranar wasa ba ce."

Ya haɗiye sauran maganar, ya tashi ya dafa mata shayi da kansa. Bawan Allah, da ya san yadda abin zai ƙare da ya ƙarasa tambayarsa ko da za a yi faɗa.

Ranar Talata ta koyar da aji ɗaya da aji biyu kamar wadda aka yi wa dole. Wani yaro ya ce "an ce" har sau biyu, ya ƙame yana jiran hukunci, ta wuce ko kallonsa ba ta yi ba. Bayan an tashi ta samo kwali a wurin mai kanti, ta shiga ajin ƙarshe ita kaɗai. Ta sauke taswirar duniya da ta ƙasa, ta naɗe. Ta ɗauki ƙwallon duniyar nan da ya loma a gefe tun shekarar da wani yaro ya gwada ko yana tsalle, ta sa a kwali. Hotunan tsofaffin kuɗi, da na jiragen ruwa, da na kayan noma na da, duk ta cire. Taswirar unguwa kaɗai ta bari, don ba tata ba ce, ta yara ce. Ta tsaya a gabanta tana kallon wuraren da ba a cike ba, ta yi kuka sosai, irin wanda Kaka ta ƙi yi.

Laraba da safe aji uku suka shigo suka ga bango tsirara, kwali a kan tebur. Hayaniya ta mutu da kanta. Malama ta tsaya ta dafa kwalin, ta yi gyaran murya.

"Yarana, ina so ku ji daga bakina. An ce gobe za a zo a ɗauke ni, a kai ni wata makaranta. Duk wanda aka kawo muku ku girmama shi. Taswirar nan kuma ku ƙarasa ta, kar ku bari ta..."

Ta sunkuyar da kai. 'Yan matan gaba suka fara shessheƙa, wani yaro ya kifa kai a kan benci. Sai ga hannu ɗaya a sama, siriri. Lauya ce, ita ma idonta cike da hawaye.

"Malama, ki yi haƙuri. Kin ce 'an ce'."

Lauya ta share hawaye, ta ci gaba.

"Wa ya faɗa, Malama?"

Malama ta janye hannu daga kan kwalin. Ta dubi yarinyar, ta dubi kwalin. "Malamin lissafi," ta ce a hankali.

"Shi yana wurin, ko shi ma ji ya yi?"

Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma a ƙarƙashin kunyar wani abu ya motsa mai kama da daɗi, irin na mai shuka da ya ga tsiro a inda ya fid da rai. Ta ce, "Ban tambaye shi ba."

"Kai, Malama!" aji ya ɗauka baki ɗaya.

Ana buga ƙararrawar shan iska suka fita, Lauya a gaba, aji uku gaba ɗaya a bayanta, Malama can ƙarshe tana bin su kamar ita ce ɗalibar. Suka tare malamin lissafi a baranda. Mutumin da yara ke canza hanya in sun hango shi, yau ga shi an zagaye shi yana sosa ƙeya. Ya ce shi ba ya wurin, maigadi ne ya gaya masa.

Maigadi na zaune a kan bencinsa a bakin ƙofa. Ya ce shi ma ji ya yi, daga matar nan mai sayar da biro da littattafan rubutu a gindin katanga.

"Baba, ita ta ce bayan gari za a kai Malama?" in ji Lauya.

Maigadi ya gyara zama. "To, 'yata, ba ta ce haka ba. Amma tunda an ce da mota za a zo, ai ba nan kusa ba ne. Ni na ga ya dace da bayan gari."

Bayan gari ya faɗi ke nan. Suka wuce wurin mai biro. Ta ce masinja ne ya gaya mata. Da aka tambaye ta maganar rahoto, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai wannan ba sai an gaya wa mutum ba, ita da idonta ta ga fuskar matar nan ranar da ta fito, kuma mai irin wannan fuskar ba ta rubuta alheri. Yara suka kwashe da dariya, rahoto ma ya bi bayan gari.

Saura masinja, wani dattijo da kunnensa ɗaya ya ɗan yi nauyi. Suka same shi yana wanke kofuna a famfo. Shi bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce ranar Juma'a ya kawo wa Shugaba shayi, ya tarar yana waya, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Da kunnensa ya ji, kuma zai maimaita a gaban kowa.

"Cewa ya yi, 'To madalla. Ku zo ranar Alhamis ku ɗauke ta, tana aji uku da safe. Ku shigo da motar har ciki. Kada dai a gaya mata tukuna.' Ban ƙara ko wasali ba."

Dariya ta ɗauke. Wannan ba "wai" ba ne, mutum ne da yake wurin, kuma babu abin da zai samu in an yarda da shi, hasali ma idonsa ya kawo ruwa. Malama ta dafa bakin famfo. Sai aka ji wata murya daga can baya, muryar da wasu a ajin sun manta yadda take.

"Rabin magana Baba ya ji," in ji Ɗan-Baya. "Waya ce. Bai ji abin da na can gefen ya faɗa ba. Saura mutum ɗaya ba mu tambaya ba."

Ba su daɗe da jira ba. Kafin a koma aji motar shugaban makaranta ta shigo. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya fito da jakarsa ya ga aji guda sun tare masa ƙofar ofis, ga Malama a gefe fuska a kumbure. Ya ce, "Lafiya? Wa aka daka?"

Lauya ta ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, tambaya muka zo yi. Kai ka ce gobe a zo a ɗauke Malama?"

"Ni na faɗa. Wa ya gaya muku? Ai na ce kar a..." Ya tsaya. Ya dubi idon Malama, ya dubi masinja da ke raɓe da kofi a hannu. Sai ya ajiye jakar a ƙasa, ya zauna a kan matakala, ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa, yana nuna Malama da yatsa ya kasa magana.

"A bidiyo!" ya ce da ƙyar. "Za a ɗauke ta a bidiyo! Haba Malama!"

Da ya samu numfashi ya yi bayani. Matar nan mai duba makarantu, ashe rubutun da ta yi ta yi ba na tsiya ba ne. Ta koma ta ce ta ga aji guda da yara ke gardama da hujja, kuma tana so a ɗauki darasin Malama a nuna wa masu koyon aikin malanta a kwaleji. Motar ta kayan ɗaukar hoto ce. Ita ce kuma ta roƙi kada a sanar da wuri, don kada a share aji a haddace wa yara amsa, tana son abin yadda ta gan shi.

"Ni dai 'ɗauke ta' na ji," in ji masinja yana kare kansa.

"Ai 'ɗauke ta' na ce, Baba," in ji Shugaba yana share hawaye. Ya faɗi kalmar sau biyu, ɗaya ta hoto, ɗaya ta kawar da mutum daga wuri. A baki akwai ɗan bambancin hawa da saukar murya a tsakaninsu, wanda kowane mai jin harshen ya sani ba tare da an koya masa ba. Amma da ƙarar fanka, da ƙofa a saye, da kunnen da ya yi nauyi, ɗan bambancin nan bai iso baranda ba.

Ihun da aji uku suka yi sai da malamai suka leƙo ta tagogi. Malama ta tsaya tana dariya tana kuka, ta rasa wanne za ta fara dainawa. Yara suka ruga aji, kafin ta iso sun zazzage kwalin. Aka mayar da taswirar duniya, ko da yake a karkace, aka dawo da lomammen ƙwallon duniya kan tebur. Da yamma da ta ba mijinta labari, bai yi dariya nan take ba. Ya gama ɗaure bayan wata rediyo tsaf, sannan ya ɗago.

"Malama, wai an ce jiya wata mata ta kwashe kayanta a kwali."

Ta ɗauki matashin kujera ta jefe shi da shi, sannan ta je ta dafa masa shayi.

Alhamis da safe mota ta shigo har ciki, kamar yadda aka faɗa. Samari biyu suka kafa kyamara a bayan aji, suka maƙala wa Malama ƙaramin abin magana a wuyan riga, ita da muryarta ba ta taɓa buƙatar taimako ba. Mai duba makarantu ta koma wurinta na da kusa da Ɗan-Baya, fuskar nan dai yadda take. Malama ta ɗauki alli ta rubuta kalma ɗaya a tsakiyar allo da manyan baƙaƙe: WAI.

"Kafin mu koma kan kasuwarmu," ta ce, "yau zan ba ku tarihin wata malama, wadda ta yi kwana biyu tana kuka, har ta ɗaure kayanta, saboda wannan 'yar kalmar."

Aji ya fara murmushi. Hannun Lauya ya tashi.

"Malama, wa ya faɗa?"

"Ni na faɗa."

"Kina wurin?" wani ya jefo daga tsakiya.

"Ina wurin, daga farko har ƙarshe."

Dariya ta tashi, har mai riƙe da kyamara. Can baya aka ga kafaɗun mai duba makarantu na motsi, ta kare bakinta da takarda. Sai Ɗan-Baya ya ɗaga hannu zai yi magana, karo na biyu a mako guda, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Saura ta uku, Malama. Me za ki samu in mun yarda?"

Ta ɗora tabarau a kan hanci, ta leƙo su ta sama kamar kullum. Ta bi su da kallo benci-benci, daga 'yan matan gaba har zuwa taswirar unguwa da ke jiran a ƙarasa ta.

"Ai na riga na samu," ta ce. "Ga ku nan zaune."

Ta juya wajen allo da sauri tana laluben alli a kan tebur, alhali yana hannunta.